Gayyar da Ta Nome Digirin Zaharaddini

Zaharaddini ɗan Kawu Iro na Yammedi taubashina ne. Uwata Turai ƙanwar ubansa ce, don haka duk abin da zan faɗa a kansa halal ɗina ne, ba alƙalin da zai saurari ƙararsa. Ni ina ce masa bawana, shi ma yana ce mini bawansa, kuma tun muna yawo ba wando ake wannan shari'a, har yau ba a yanke ba. Ni sunana Ƙasimu, a Fulatan nake ta ƙasar Rogo, acaba nake yi. Boko na yi shi har aji uku na sakandare, da na ga malaman sun fara maimaita abin da na riga na sani sai na bar musu kayansu.

Shi kuwa bai bari ba. Dama da kan karatu aka haife shi, domin ranar sunansa wanzami ya fara aski da hantsi, bai kai ƙeya ba sai da aka kira azahar. Tun yana ɗan mitsitsi ba ya barin abu ya zauna lafiya. In an shuka gero yau, gobe zai je ya tone ya ga ko ya fara tsira. Akwai shekarar da Kawu ya tura shi korar tsuntsaye a gonar dawa, ya dawo da yamma da cikakken bayani: waɗanne ne ke zuwa da safe, waɗanne ne sai rana ta yi sanyi, waɗanne ne ke ci a nan, waɗanne ne ke tafiya da guzuri. Ko ɗaya bai kora ba, wai kada ya ɓata musu tsari. Dawar shekarar nan a kwanon sha aka kawo ta gida.

Shi ne ɗan fari a gidan, saboda haka daga Kawu har matarsa Inna Kubura ba mai kama sunansa. Kawu "wannan yaron" yake ce masa, Inna Kubura kuwa ko hakan ba ta iya ba, sai dai ta nuna inda yake da haɓa. Tsakaninsa da ubansa gaisuwa ce: ya durƙusa da safe, a ce lafiya lau, kowa ya kalli wani gefe. Duk maganar da ta wuce wannan tsawo sai an nemi ɗan aike. Da yake ni Allah ya ba ni babur ya kuma ba ni baki, ni na gaji wannan muƙami.

Ya yi firamare, ya yi sakandare, ya tafi Kano ya yo digiri a kan aikin gona, abin da ya ɗaure wa mutanen Yammedi kai, don su a saninsu ba a zuwa birni koyon noma. Ya dawo aka ba shi koyarwa a wata sakandare kusa da Karaye, ya auri Sadiƙa, ya sayi wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura an haɗa da salati. Mutum ne mai sanyin hali. In ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri, sannan ya tambaye ka nauyinka.

Ana zaune ƙalau sai ya ce zai ƙaro digiri na biyu. Karatun aji bai ba shi wuya ba, ya shanye shi kamar koko. Inda gizo ke saƙar shi ne bincike. Ashe ba a ba mutum wannan digiri sai ya yi wani aiki da hannunsa, ya auna, ya rubuta littafi mai kaurin bulo. Aikin kuma kuɗi yake ci: a sayi iri na musamman, a sayi taki, a ɗebi ƙasa a kai Kano a auna ta a ɗakin gwaji kamar mai ciwon suga, a biya mota, a buga takardu. Albashin malamin makaranta kuwa kun san shi, baƙo ne da ke sallama daga bakin ƙofa ya juya. Shekara ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, abokan karatunsa suka gama har suka ajiye tumbi, shi yana nan. Ƙarshe jami'a ta aiko masa cewa wannan zangon ne na ƙarshe, in bai kawo sakamakon bincike ba za a share sunansa, duk wahalar baya ta bi ruwa.

Ya nemi tallafi har takalminsa ya haddace ƙofar kowane ofis a Kano. Allah ya taimake shi wata gidauniya da ke ba ɗalibai kuɗin bincike ta ɗauke shi. Sharaɗinsu shi ne za su ba da rabi a fara aiki, sauran rabin kuma sai malamar da ke duba aikinsa, Dakta Bahijja, ta zo gona ta gani da idonta, ta shaida an bi tsari. Kuma sun ce ba sa biya sau biyu.

Labarin ya bar Yammedi yana ɗan akuya, kafin ya iso mana Rogo ya zama raƙumi da kaya. Fasinja yana son hira, ni kuma ba na yi wa fasinja rowa. Aka ce kuɗin da aka ba Zaharaddini sai da aka kawo su a tifa. Dangin da rabonmu da su tun rasuwar kakanmu suka fara zuwa gaisuwa, kowa da rufin ɗakinsa da ke yoyo. Shi kuma ya zaunar da mutum ya yi ta bayani cewa kuɗin gyaɗa ne ba nasa ba, kowace naira da aikin da aka yanka mata. Suka riƙa fita suna cewa boko ta koya wa yaro maƙo.

Kawu Iro ya ba shi gonarsa ta bakin hanya, wadda duk mai zuwa kasuwar Karaye sai ya ratsa ta gefenta. Sai ka san Kawu za ka gane girman wannan kyauta. Mutum ne da ciyawa ke jin tarinsa ta tattara kayanta ta koma gonar maƙwabci. In allura ta faɗi a gonarsa, daga kan babur za ka hango ta. Ya taɓa ganin ɗan tsiron harƙiya a gaban dardumarsa a filin Idi, mutanen sahu sun ce bai samu natsuwa ba sai da aka sallame ya tuge ta.

Binciken Zaharaddini kuwa, kamar yadda ya yi mini bayani har kunnena ya yi kanta, a kan gyaɗa da ciyawa ne. Yana so ya san asarar da manomi ke yi in ya makara da noma, da kuma ko taki na rage asarar. Sai ya yanka gonar gida-gida kamar ramin dara, ya kafa turaku, ya ja igiyoyi, kowane gida da ɗan allonsa. Wani gidan za a yi masa noman firi da maimai, wani firi kawai, wani a sa masa taki, wani a hana shi. Wasu gidajen kuma, waɗanda su ne zuciyar aikin, ba noma ba taki, a bar gyaɗa da ciyawa su yi ta kokawa har kaka. Da su za a gwada sauran. In babu su, in ji shi, kamar ka je awo ne ba mudu.

Damina ta yi kyau. Ciyawa ta ga abin da kakanninta ba su gani ba a gonar Iro, wato sakewa, sai ta aika wa danginta na nesa. Harƙiya ta zo, ƙiri-ƙiri ya zo, tofa ta zo da 'ya'yanta, har da wasu ciyayin da tsofaffi suka ce rabonsu da ganinsu tun ana biyan jangali. Ta yi tsawon da in akuya ta shiga sai an yi cigiya. Masu wucewa suka fara rage tafiya. Wani dattijo daga Kwanyawa ya sauka daga kan kekensa ya tambaya yaushe mai gonar ya rasu bai ji ba, yana so ya shiga ta'aziyya. Wani makiyayi ya yi sallama har zaure yana neman a sayar masa da wurin ya saki shanu. A masallaci aka fara yi wa Kawu sannu da jiki.

Kawu ya daina bin hanyar, ya koma zagayawa ta bayan gari. Tuwo ya daina wucewa. Ran nan ya aika aka kira ni, ya ce in je in tambayi ɗan'uwana abin da ya hana shi noma. Na je, Zaharaddini ya sake yi mini bayanin mudu da awo, ya ce in gaya wa Baba don Allah kada a taɓa ko ganye ɗaya. Na dawo na isar da saƙo yadda aka ba ni, ko gishiri ban ƙara ba, abin da ban saba ba.

Na ce, "Kawu, ya ce da gangan ya bar ta. Ciyawar ita ce karatun. Kuɗin ma da aka ba shi, har da na barin ta a ciki."

Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ƙasimu, ina maka maganar mutunci kana kawo mini wasan taubasai. Wa ya taɓa biyan mutum don ya bar ciyawa? In da ana haka, ai da kai ne mai kuɗin Rogo."

Na rantse, aka ce dama da rantsuwa nake buɗe kowane labari. Inna Kubura ta tuna wa jama'a cewa ni ne na ce na ga kifi a dam ɗin Challawa ya haɗiye kwalekwale, wanda kuma gaskiya ne, sai dai ƙaramin kwalekwale ne.

Sai suka zauna su biyu suka warware matsalar da kansu. Kuɗin ne suka ƙare, yaro ba shi da na biyan 'yan ƙwadago, kuma ɗan fari ba zai iya buɗe baki ya gaya wa ubansa ba. Wannan "kada a taɓa" kara ce. Ai in ka kawo wa baƙo abinci ya ce alhamdu lillahi a ƙoshe yake, ba ɗauke kwanon ake yi ba, tura masa ake yi gabansa a fita a ba shi wuri. Inna Kubura ta ce tun yana yaro haka yake, cikinsa na kuka bakinsa na cewa ya ci. Kawu ya ce to shi ba zai zauna ana yi wa yaron nan dariya yana raye ba, kuma ba zai kunyata shi da tambaya ba. Gayya za a yi, a ɓoye, ya dawo ya tarar.

Makon ya zo daidai da tafiyar Zaharaddini Kano kai ƙasa ɗakin gwaji. Na yi ta kiransa a waya, wayar kuwa ƙanwar babur ɗinsa ce, sai ta ga dama. Da ta shiga na ce masa ya dawo maza, ana shirin nome masa gona. Ya yi dariya ya ce bawa ba ya rabuwa da ƙarya, in kuɗin mai nake nema in fito fili in faɗa, ya kashe. To, mutum ya yi gaskiya a gida biyu an ƙi saya, me ya rage masa?

Ranar gayya ni aka aika ɗauko makaɗi, na kuwa je, don in abu ya fi ƙarfinka gara ka nemi wuri kusa da fura. Majiya ƙarfi suka zo daga Yammedi da Kwanyawa, har da namu na Fulatan, saboda ba gonar da Kawu Iro bai taɓa zuba wa gumi ba a wannan yanki, kowa yana so ya rama. Gangar noma ta ɗauka, samari suka jeru, aka sunkuya. Ba a yi nisa ba aka fara ƙorafin igiyoyi suna harɗe ƙafa, sai aka kwance su aka naɗe da kyau aka ajiye wa mai su. Turakun aka tara wa mata suka ɗora tukunya. Allunan aka jingine a gindin ɗorawa, wani tsoho ya samu ɗaya yana fifita da shi.

Can wani mai ido ya lura wata gyaɗar ta yi kore shar, wata kuma ta yi ja kamar mai ciwon shawara. Aka tsaya aka yi shawara a kan wannan rashin adalci. Kawu ya sa aka buɗe ɗakin da Zaharaddini ya ajiye takinsa da ya auna a 'yan ledoji kamar maganin asibiti, aka juye duka a buhu ɗaya, aka ƙara da takin gida mangala-mangala, aka bi gonar aka raba wa kowa daidai, kada wata gyaɗa ta kai ƙarar wata ranar gobe. Kafin azahar gona ta koma kamar tafin hannu. Kawu ya tsaya a bakin hanya yana amsa barka, ranar tuwo malmala uku ya tashi da shi.

Kwana biyu bayan haka Zaharaddini ya taho da Dakta Bahijja a mota. A hanya ya gaya wa direba ya tsaya inda ya ga ciyawa ta kai ƙirji. Direba ya wuce mu da gudu, muna tsaye da Kawu cikin babbar riga da dattawan unguwa, sai da suka kusa Karaye suka juyo. Zaharaddini ya fito ya dubi gabas ya dubi yamma, ya dubi ɗorawa don ya tabbatar gonar ce. Ya cire hula ya mayar. Sannan, da yake wanda aka yi wa gayya godiya ce ta hau kansa, ya durƙusa ya gaida ubansa, ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana cewa Allah ya saka da alheri, hawaye na zuba. Dattawa suka ce kun ga ɗan halak, daɗi ya sa shi kuka.

Dakta Bahijja 'yar gajeruwa ce mai tabarau, ga ladabi. Ta gaida Kawu ta tambayi gida da iyali da ruwa da gajiya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta tambaya a hankali ina gidajen da ba a nome ba.

Kawu ya gyara riga ya ce, "Hajiya, babu ko ɗaya. Ki bi ta har ƙarshe, in kin samu ciyawa guda ki ci ni tara."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka yi ta rawa. Har yau ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Da ta dawo hayyacinta ta nemi tabarma, ta zauna ta yi wa Kawu bayani. Ta ce in mutum biyu ba su da lafiya, aka ba ɗaya magani aka bar ɗaya, a nan ake gane ko maganin na aiki. Yanzu an ba kowa magani, kowa ya miƙe, ba a san kome ba. Kawu ya ce ai kowa ya warke abin godiya ne. Ta ce ga gyaɗa abin godiya ne, ga ɗalibi kuwa shi ne kwanciya. Ita ba za ta shaida abin da ba ta gani ba, saboda haka sauran kuɗin ba za su fito ba, damina kuma ta yi nisan da ba a sake shuka.

Har tsohon nan ya ajiye allon da ya zo da shi yana fifita. Zaharaddini yana tsugune kamu ɗaya daga ƙafar ubansa, amma Kawu ni ya juyo ya kalla.

"Ƙasimu, tambayi ɗan'uwanka. Da gaske ciyawar ce karatun?"

Na juya na tambaya. Zaharaddini yana kallon ƙasa ya ce, "Gaya wa Baba ba kome. Allah ya bar zumunci."

Na juya na faɗa. Kawu ya ce, "To wannan 'ba kome' ɗin, na gaske ne ko na kara?"

Na ce, "Kawu, wannan karon na kara ne."

Ranar aka fara yarda da maganata a gidan, amma ba wanda ya ce mini sannu.

Dakta ta ce ƙofa ɗaya ta rage. In sanyi ya wuce a sake aikin daga farko da noman rani a bakin dam. Ita za ta roƙi jami'a ta ƙara masa 'yan watanni, ta roƙi gidauniya ta riƙe rabin nan kada ta ba wani. Amma kuɗin fara aiki, iri da taki da man injin ban ruwa da hayar fili, wannan sai ya nemo da kansa, don na farko suna cikin ƙasa. Gyaɗar da ke gonar kuwa ta ce ba ta da amfani ga ilimi, a yi yadda aka ga dama da ita.

Kawu ya aike ni in ce zai sayar da sansa na huɗa. Zaharaddini ya aiko ni in ce a'a, kada a sayar. Kawu ya sake aike ni in tambaya wannan a'a ɗin wace iri ce. Na yi ta kai da kawo tsakanin zaure da ɗaki har na fara tunanin sa musu kuɗin acaba. Inna Kubura ce ta raba gardama. Ta ce a bar san huɗa ya huta, gyaɗar da ta jawo abin ita za ta biya.

Da kaka ta yi kuwa aka ga gyaɗar da ba a taɓa gani ba a Yammedi. Ƙwaya ɗaya sai yaro biyu su raba su bar saura. Inna Kubura ta tara matan duk waɗanda suka zo gayya, ta ce musu mazajensu ne suka ɓata, su za su gyara. Aka ɓare, aka soya, aka niƙa, aka matse mai, aka murza ƙuli-ƙuli. Sadiƙa ce mai tuya, har sai da gashin girarta ya san wuta. Hayaƙin gidan Kawu daga Fulatan muke hango shi. Ni ke ɗaukar kaya zuwa kasuwannin Rogo da Karaye, ina shela cewa wannan ƙulin jami'a ne, wanda ya ci ba ya faɗuwa jarrabawa. Iyaye suka yi ta saye wa 'ya'yansu. Harawar kuma makiyayin nan da ya so ya saki shanu shi ya kwashe ta. Duk wanda ya tauna ƙuli a ƙasar Rogo a shekarar nan yana da hannu a digirin Zaharaddini, wasu ma haƙori suka ba da gudummawa.

Sanyi na wucewa aka karɓi hayar fili a bakin dam, aka sayi sabon iri, aka sake kafa turaku, aka warware igiyoyin nan da 'yan gayya suka naɗe da kyau. Ruwa ya shiga, gyaɗa ta tsiro, ciyawa ta biyo ta. Sai wata sabuwar matsala ta taso: maƙwabtan filin duk manoma ne masu tausayi. Mutum zai wuce da fartanya a kafaɗa, ya ga ciyawa na shaƙe gyaɗar bawan Allah, ya ce bari ya ɗan rage masa saboda lada. Dole a sa mai gadi.

Kawu ya ce shi ya ɓata, shi zai tsare. Kullum da sassafe nake kai shi, ya zauna a bakin gidan da ba a nomewa da sanda a hannu. In mai taimako ya matso, ya ɗaga sanda ya ce a wuce, ciyawar gwamnati ce. Mutane suka yi ta zuwa kallo, don Iro na gadin ciyawa abu ne da ba a ba jikoki labarinsa sai da shaidu. Bayan 'yan kwanaki Zaharaddini ya lura ciyawar da ke kusa da mazaunin Kawu tana sanƙo. Kawu da kansa ya kira ni ya ce in gaya wa wannan yaron ba shi ba ne, hannun ne. Yana cikin hira ko lazimi sai ya duba ya ga saiwa a tafinsa. Ya gwada zama a kan hannuwansa, sai yatsan ƙafa ya karɓi aikin. Ya gwada juya wa gonar baya, ya ce yana jin ƙarar girmanta a ƙeyarsa.

Aka yi taron dangi a zaure. Aka ce gadin nan sai wanda zai ga ciyawa zuciyarsa ba ta motsa ba, wanda fartanya ba ta taɓa yi masa kanta ba, wanda zai iya kwanciya a gefen gona tun safe har yamma bai ji wani abu na damun sa ba. Ba a ambaci suna ba, amma duk idon zauren ya juyo kaina. Na karɓi girman da hannu biyu. Na shimfiɗa buhu a gindin mangwaro na kama aiki, kuma ba yabon kai ba, a ƙarƙashin kulawata ciyawar nan ta yi abin da ko a daji ba ta yi. Wani ya zo da lauje yana roƙo wai ko ɗan na akuya, na ce ya kawo takarda daga Kano.

Dakta Bahijja ta dawo gyaɗa na fure. Wannan karon direba bai wuce ba. Ta bi gida-gida tana dubawa, ta zo kan waɗanda ba a nome ba ta shige har ba a ganin tabaranta, ta fito da ƙarangiya a zani tana murmushi. Kawu yana can gefe ya ba gonar baya. Ta je ta durƙusa ta ce, "Baba, barka. Ciyawarku ta yi kyau ƙwarai, ban taɓa ganin irinta ba."

Kawu ya waiga hagu da dama ya ce, "Hajiya, a hankali dai. Akwai mutane."

Ta shaida wa gidauniya, sauran kuɗin suka fito, aka biya awon ƙasa da bugun littafi. Digiri dai ya samu, yana nan a bangon ɗakin Sadiƙa cikin gilashi, kuma ɗalibai yanzu sun ƙara wa bawana girma, shi da babur ɗin nasa da har yau sai an tura. Amma a wurin Kawu karatun ba a Kano ya ƙare ba, a bakin dam ya ƙare, ranar da aka cire gyaɗar ƙarshe aka ɗora a sikeli.

Ranar tun da asuba ya ce in kai shi. A hanya ina jin wani abu mai tauri yana sukata a baya ta cikin rigarsa. Ya zauna a wurinsa ya ba gona baya har aka gama awo, aka ɗaure buhuna, aka tuge turaku. Ba abin da ya rage a filin sai ciyawa tsaye. Sannan ya yi gyaran murya.

"Ƙasimu, tambayi ɗan'uwanka, an gama da ita?"

Zaharaddini bai jira ni ba, ya ce, "An gama, Baba."

Kawu ya yi kamar iska ce ta wuce, sai da na juya na maimaita masa. Ya miƙe ya tuɓe babbar riga ya miƙo mini, ya zaro fartanya, ya tofa yawu a tafi. Mai filin ya zo da gudu yana cewa Malam Iro ya bar shi, ba amfanin gona a ciki, kuma gobe ma tarakta za ta bi ta kai. Kawu ya ce gobe ta tarakta ce. Ya sunkuya tun la'asar, bai ɗago ba sai da aka kira magariba, mu kuma muna zaune a kan buhunan gyaɗa muna jiran sa.